Da Wane Mudu A Ke Auna Renon Yara? Duba Daga Ƙasar Dawakin Tofa





An nemi in yi magana a kan shirye-shiryen ilmin ƙananan yara, da waɗanda a ke yi don taimaka wa iyaye wajen reno, da kuma yadda za a gane ko suna da amfani ko ba su da shi. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan malamin Hausa da wannan? Ai aikin likitoci ne da masana tattalin arziki da masu nazarin halayyar ɗan Adam. Haka ne, nasu ne. Amma duk awon da za su yi a ƙauyukanmu da baki za a yi shi: wani zai tambayi uwa ta ba da amsa, wani zai tambayi yaro ya yi magana ko ya yi shiru. Tambayar nan kuwa da Hausa za a yi ta, ko da da Turanci aka fara rubuta ta. Ta nan ne na ke da ta cewa, kuma a nan zan fi daɗewa.

Bahaushe yana da kalmomi uku da bai cika haɗa su ba. Akwai reno, watau kula da jikin yaro da lafiyarsa da lallashinsa, tun daga goyo har bayan yaye. Akwai tarbiyya, watau gyaran hali: gaisuwa, kunya, ladabi, sanin na gaba. Sa'an nan akwai ilmi, wanda a wurin yawancin iyaye ba ya farawa sai ranar da aka kai yaro gaban malam. Shirye-shiryen zamani sun cure ukun nan wuri guda, suna cewa tun yaro yana bayan uwarsa karatunsa ya fara. Binciken masana ya goyi bayan wannan magana. Sai dai mu riƙa tunawa, uwar da za a je a tambaya ba haka ta kasa su ba.

Ƙasar Dawakin Tofa, ƙasar Madaki tun daga zamanin da, tana arewa maso yamma da birnin Kano. Tana cikin yankin nan da Michael Mortimore ya yi nazari a kansa a shekarun 1960, inda jama'a suka yi yawa har gona ba ta hutawa, sai dai a riƙe ta da taki shekara bayan shekara. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kusan 250,000, tana kuwa da mazaɓu 11, cikinsu har da Tumfafi, da Kwa, da Jalli, da Marke, da Ganduje, da Dawanau. Kowa ya san Dawanau da kasuwarta ta hatsi, wadda a ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. To, a Dawanau ba wanda zai sayi buhun wake don mai shi ya ce mai kyau ne. Sai an soka buhu an zaro, an duba ko da ƙwari, an san mudun da aka auna da shi. Mutanen da suka iya wannan a kan wake, su ne kuma a kan zo musu da shiri a kan 'ya'yansu, a yi biki, a raba riguna, a tafi, ba wanda ya soka buhun.

Tarihin manufofin Gwamnati a wannan fage ba shi da tsawo. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, daga aji ɗaya aka fara lissafi. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ilmin share fage, amma ta bar shi a hannun masu zaman kansu, watau a hannun masu kuɗi a birane. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ce ta shigar da kula da ƙananan yara cikin abin da Gwamnati za ta ɗauki nauyinsa. A 2007 aka fitar da manufa ta musamman a kan bunƙasar ƙananan yara, a 2013 kuma aka ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, abin da mutanenmu su ke kira rabin aji. A nan Kano, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ɗan ƙasar Dawakin Tofa ne, ya ƙaddamar da ilmi kyauta kuma tilas a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Abin da rahotanni suka saba kawo mana bayan irin waɗannan matakai shi ne yawan azuzuwa, da yawan yaran da aka rubuta, da yawan malaman da suka halarci bita. Wannan duk ƙidayar buhuna ce.

Akwai lokacin da aka soka buhu a Dawakin Tofa. A 2019 Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jihar Kano, tare da British Council da TaRL Africa, da kuɗin Gwamnatin Ingila, ta fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomi biyu, Dawakin Tofa da Wudil, don yara fiye da 37,000. Dabarar daga ƙungiyar Pratham ta Indiya aka samo ta. A kan zauna da yaro shi kaɗai, a ba shi takarda a ga inda ya tsaya: bai san baƙi ba, ko ya san baƙi, ko yana haɗa kalma, ko yana karanta sakin layi, ko yana karanta labari. Sa'an nan a kasa yara bisa inda suka tsaya, ba bisa ajinsu ba, a fara koya musu da Hausa. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, sai aka koma ga rediyo da saƙonnin waya, aka jingina da mutanen gida.

Abin da na ke so ku lura da shi a nan shi ne, yaran KaLMA 'yan aji huɗu zuwa shida ne. Idan har ta kai Hukuma ta ga ya wajaba a koma a koya wa ɗan aji biyar baƙaƙe da haɗa kalma, to, ta shaida da kanta cewa ɓarakar tun daga tushe ta ke. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna wani gefen tushen: yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, sun kai kashi 37 cikin ɗari a Nijeriya, a Jihar Kano kuwa kimanin kashi 57. Yaron da ya sha wannan wahala kafin ya cika shekara biyu, da ita zai shiga aji.

To, yaya a ke gane shiri ya yi amfani? Wahalar ita ce yaro yana girma ko da shiri ko ba shiri. Ka auna shi yau, ka komo baɗi, lalle za ka tarar ya ƙara tsawo, ya ƙara baki. Mai shiri sai ya ce aikinsa ne. Haka kuma idan ka gwada 'ya'yan matan da suka zo taro da 'ya'yan waɗanda ba su zo ba, ba ka yi komai ba, domin wadda ta zo tun asali mai yiwuwa ita ce mijinta ya fi sassauci, ko gidansu ya fi kusa, ko rumbunsu ya fi cika. Manomi ya san maganin wannan. In yana son ya gwada sabon iri, ba ya shuka shi a fadama ya gwada da tsohon irin da ke kan tudu. Gona ɗaya ya ke rabawa biyu. Masu bincike su ma haka su ke yi, sai dai da ƙuri'a su ke rabawa, don kada son zuciya ya shiga.

Gwajin da ya fi shahara a wannan fanni a birnin Kingston na ƙasar Jamaika aka fara shi a 1986, ƙarƙashin Sally Grantham-McGregor. An ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24, aka kasa su huɗu. Wasu aka ba su madara, wasu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya kowane mako har shekara biyu tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka ƙera a gida, wasu aka haɗa musu biyun, wasu ba a yi musu ko ɗaya ba. Amfanin madarar bai daɗe ba ya ɓace. Na wasa da hira kuwa ya zauna, har bayan shekara 20 aka tarar abin da waɗannan yara su ke samu a wurin aiki ya fi na 'yan'uwansu da kimanin kashi 25 cikin ɗari. A Amurka ma an yi irinsa a makarantar Perry ta garin Ypsilanti daga 1962 zuwa 1967, da yara 123. A can, fifikon da yaran shirin suka nuna a jarrabawar basira ya dushe bayan 'yan shekaru, har wasu suka ce an yi asarar kuɗi. Da aka bi su har suka kai shekara 40, sai aka ga sun fi samun aiki, kuma ba su kai sauran shiga hannun 'yan sanda ba. Da an rufe littafi tun suna firamare, da hukuncin da aka yanke ya zama kuskure.

Amma Kingston ba Kwa ba ce, yara 129 kuma ba jiha ba ce. Bari mu matso gida.

Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri mai suna CDGP a ƙananan hukumomi biyar: Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa, Anka da Tsafe a Zamfara. Ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger ne suka gudanar da shi. Mace mai ciki a ke ba Naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu, a hannunta ba a hannun mijinta ba. Tare da kuɗin a kan isar da bayani a kan shayarwa da abinci da tsabta, ta rediyo, da huɗubar Juma'a, da malaman Islamiyya, da nunin girki, don maza ma su ji. An raba ƙauyuka 210 ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara, wasu suka jira. Sakamakon da Pedro Carneiro da Imran Rasul da abokan aikinsu suka buga a 2021 ya nuna tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin ɗari, watau inda da za a sami yara ɗari da suka tsumbure an sami casa'in da biyu, kuma bambancin yana nan bayan shekara huɗu. Mata da yawa sun juya wani abu daga kuɗin a sana'a. Wani zai raina takwas. Ni ban raina ba, domin takwas ce da aka tabbatar, ta fi tamanin ɗin da a ke faɗa a wurin biki.

A ƙetaren iyaka, Gwamnatin Nijar ta yi nata a jihohin Maraɗi da Doso, da tallafin Bankin Duniya: jaka goma ta sefa kowane wata har shekara biyu, wasu ƙauyuka kuɗi kaɗai, wasu kuɗi da horon iyaye ta tarurruka da ziyarar gida. Patrick Premand da Oumar Barry suka buga sakamakon a 2022. Kuɗi kaɗai ya ƙara abinci a gida, amma bai sāke yadda a ke reno ba. Horon kuwa ya sāke halayen iyaye, ya ɗan kyautata natsuwar yara da zamansu da mutane, amma tsayinsu da nauyinsu da kaifin fahimtarsu ba su motsa ba. Ga Hausawa a Gagarawa, ga Hausawa a Maraɗi, shiri kusan iri ɗaya, sakamako ya bambanta. Abin da ya fi bayyana a tsakaninsu shi ne na Jigawa da Zamfara tun daga ciki ya kama yaro, kuɗin kuma da sunan yaron ya zo.

Akwai na ƙasar Gana, wanda ya kamata duk mai shirin tara iyaye ya sani. A 2015 zuwa 2016 an gwada horar da malaman rabin aji a makarantu 240 a yankin Ankara, don su rage duka da haddar dole, su ƙara koyarwa ta hanyar wasa. Horon ya yi amfani. Amma a makarantun da aka ƙara da tarurrukan wayar da kan iyaye, sai amfanin da yara suka samu ya zube. Ni a ganina ba abin mamaki ba ne. Uban da ya biya kuɗi don ɗansa ya yi karatu, ka tara shi ka ce masa wasa a ke yi a makarantar, me ka ke zaton zai yi in ya koma gida?

Wannan ya kawo ni ga mudun kansa.

Takardar tambayoyin da UNICEF ta ke amfani da ita a binciken gidaje a ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, tana tambayar uwa ko a cikin kwana uku da suka wuce wani ya karanta wa yaro littafi, ko ya yi masa labari, ko waƙa, ko ya fita da shi, ko ya yi wasa da shi, ko ya koya masa sunayen abubuwa da ƙirga. Tambaya ce mai kyau. Amma an ƙayyade cewa wanin nan sai ya kai shekara 15. To, a Tumfafi wa ke goyon yaro in uwarsa tana daka ko tana suyar ƙuli-ƙuli? Yayarsa ce 'yar shekara tara ko goma. Ita ke yi masa waƙa, ita ke fita da shi dandali, a bayanta ya ke jin gaɗa da kacici-kacici, a wurinta ya ke koyon rabin maganarsa. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda yara su ne ƙafafun matan kulle, su ne 'yan aike, su ne 'yan talla, su ne masu reno. Mudun nan bai ga wannan yarinya ba sam. Sai a rubuta cewa ba mai kula da yaron, alhali kuwa tun safe yana bayan mutum. Abin da ya fi wannan muni, shirin da aka gina a kan wannan awo uwa kaɗai zai horar, ya bar wadda aikin ya ke hannunta. Kuma ba zai taɓa tambayar abin da renon nan ya ke jawo wa karatun yarinyar kanta ba.

Ɗauki kalmar wasa. Ka tambayi matar aure mai mutunci, a gaban surukarta, ko tana wasa da ɗanta. Za ta yi dariya ta ce a'a, ita ba yarinya ba ce. Amma ka tambaye ta ko tana yi masa tawai, ko tana rarrashinsa, ko tana cilla shi sama ta cafe, ko tana biye masa in yana gwaranci, amsar za ta sāke. Haka kalmar littafi. Ana tambaya ko yaro yana da littattafan yara uku ko fiye. A yawancin gidajen karkara amsar babu ce, kuma gaskiya ce, rashi ne da ya kamata a gyara. Sai dai a gidan akwai allo, yaron kuma tun yana shekara huɗu ya ke bin yayyensa makarantar malam. Tsohon ma'aunin UNICEF yana tambaya ko yaro ya san baƙaƙe goma. Na wane rubutu? In mai tambaya ya ce "ABCD", uwa za ta ce bai sani ba. In ya ce "babbaƙu", mai yiwuwa yaron ya nuna masa ba-guje da lam-jaye da ha-kuri. Yaro ɗaya, maki biyu, bambancin kuwa a bakin mai fassara ya ke. Ba ina cewa sanin babbaƙu ya wadatar wa ɗan aji ɗaya ba ne. Ina cewa yaron da ya riga ya gane cewa zane a kan allo yana ɗauke da sauti ya wuce wani mataki babba, malamin da bai san haka ba kuwa zai fara da shi kamar bai san komai ba.

Akwai wani ma'auni da masu bincike su ke ji da shi, mai suna HOME, wanda Bettye Caldwell da Robert Bradley suka tsara a Amurka. Shi ba tambaya kaɗai ba ne, baƙo ne zai zauna a gida ya lura: uwa ta yabi ɗanta a gaban baƙo? Ta rungume shi ko ta sumbace shi? A can, waɗannan alamun ƙauna ne. A nan, in yaron ɗan fari ne, uwar da ta san kanta ko sunansa ba za ta kama ba, balle ta yabe shi a gaban baƙo. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya ga yadda kunyar ɗan fari da riƙon 'ya'yan dangi su ke da ƙarfi a zaman Hausawa. Al'adar ta yi sauƙi a birni, amma ba ta mutu ba a ƙauye. Ga kuma tsoron baki da kambun baka, wanda ya sa ba a son a ce yaro ya yi ƙiba ko ya cika wayo. Saboda haka uwar da ta fi kowa tarbiyya a idon garinsu ita za ta fi kowa faɗuwa a wannan jarrabawa. Shi ma yaron, an koya masa in babba baƙo yana magana ya sunkuyar da kai. Ya yi abin da aka koya masa, an ba shi sifiri.

Sauran matsalolin na aiki ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Namiji ba ya shiga gidan da aka rubuta "ba shiga", in ya tsaya a zaure kuwa amsar maigida zai samu, ba ta mai reno ba. Awon tsumburewa yana bukatar sanin watannin yaro daidai, yawancin yaran kuwa ba su da takardar haihuwa, sai an bi ta watan azumi ko Sallar layya ko girbin gero. Yaron da aka auna a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ba daidai ya ke da wanda aka auna da kaka ba. Sa'an nan ga kara. Matar da aka ba kuɗi wata ashirin, aka koya mata cewa nono zalla a ke ba jariri har wata shida, in ka tambaye ta me ta ke ba jaririnta, ta san amsar da ka ke so, ba kuwa za ta kunyata baƙo ba. Don haka a ke bambanta abin da uwa ta sani, da abin da ta ce tana yi, da abin da ya bayyana a jikin yaro. Binciken Nijar ya nuna na farko da na biyu suna iya sākewa na uku yana nan inda ya ke.

Game da harshen koyarwa, matsayina sananne ne. Tun 1977 manufar ilmi ta ce da harshen uwa ko na yankin za a koyar a ajin share fage. Gwajin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su kasa a Turanci ba, sun kuma yi fice a wasu darussa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci. Abin da ya dame ni a matsayin mai maganar awo shi ne, shekara uku ba ta isa yaro ko ɗaya ya gama firamare a ƙarƙashin manufar ba, balle a ce an gwada ta an ga ƙarshenta. Ko ma mene ne harshen allo, yaro ɗan shekara huɗu a Jalli da Hausa ya ke tunani. In ka jarraba shi da wani harshe, harshen ka auna, ba yaron ba.

Da za a nemi shawarata a kan sabon shiri a Dawakin Tofa, na rabin aji ne ko na ziyarar gida, da na ce a fara da shekara guda ta sauraro kafin a koya wa kowa komai. Mata 'yan ƙasar, waɗanda za su shiga har ɗaki, su rubuta wa ke reno a kowane gida, da wace kalma a ke kiran abin da a ke yi, ina tatsuniyar dare ta tsaya yanzu da waya ta shiga hannun kowa. Daga bakin mutane za a gina tambayoyin, sa'an nan a juya su zuwa Turanci don masu ba da kuɗi, maimakon a yi akasin haka. Ɗalibanmu na sashen Hausa za su iya wannan aiki, ya kuwa fi musu wasu batutuwan da su ke rubuta kundi a kansu.

Na san maganar ƙuri'a tana da nauyi. Wani dagaci zai ce, don me za a ba ƙauyen maƙwabcina a hana nawa, don kawai malaman jami'a su sami abin rubutawa? Tambayarsa tana kan hanya, amsarta kuwa ita ce, kuɗin da ke akwai ba ya isa a fara ko'ina rana ɗaya. Dole wani ya riga wani. In ba ƙuri'a ba, to, ƙauyen da ke bakin titi ne zai riga, ko ƙauyen mai faɗa a ji. A tara dagatai a ƙofar hakimi, a rubuta sunayen ƙauyuka a zuba a ƙwarya, yaro ya zaro, a kuma yi alkawari a rubuce cewa waɗanda suka jira za su samu a shekara ta biyu ko ta uku, kamar yadda aka tsara a Jigawa da Zamfara. A rubuta abin da aka kashe a kan kowane yaro, domin shirin da ya yi kyau amma ƙaramar hukuma ba za ta iya ɗaukarsa ba bayan baƙi sun tafi, nuni ne kawai. Sakamako kuma, mai daɗi ko marar daɗi, a karanta shi da Hausa a rediyo da gaban iyayen da aka auna 'ya'yansu.

Abu mafi wuya shi ne jira. Yaron da ya shiga shiri yana shekara uku ba zai gama aji uku ba sai bayan shekara shida, a nan ne kuwa za a zaunar da shi a ba shi takarda irin ta KaLMA a ga ko yana karanta labari. Shekara shida ta fi wa'adin gwamna, ta fi kuma tsawon yawancin shirye-shiryen masu ba da agaji. Saboda haka rajistar yaran nan, da sunan ƙauyensu da na mai unguwarsu, bai kamata ta zauna a ofishin shiri ba. A ajiye kofe ɗaya a Hukumar Ilmin Bai-ɗaya, ɗaya a sashen ilmi na ƙaramar hukuma, ɗaya a jami'a, a kuma ware kuɗin komawa neman yaran tun ranar da aka ware na bikin buɗewa.